Abin da Ke Cikin Koren Majina

Duk macen da ta yi raino ta san yadda mura take sauya kala. Ranar farko majinar yaro fara ce, tsararo-tsararo. Bayan kwana biyu ko uku sai ta yi kauri, ta koma ruwan ɗorawa, daga nan ta juye kore. Haka ma mugunyar maruru idan ya nuna aka matse shi, ko kakin mai tari da sanyin safiya. Yawancinmu da mun ga koren nan sai mu ce cuta ta yi ƙarfi, a tura yaro kemis ya sayo kafso. Alhali a mafi yawan lokuta kalar daga jikinmu ta fito, kuma likitoci sun daɗe suna faɗa cewa koren majina shi kaɗai bai isa hujjar shan maganin kashe bakteriya ba, domin murar da bairos ya kawo ma tana yin kore.

Mai kalar wani sinadari ne da ke cike a cikin fararen ƙwayoyin jini, irin waɗanda ake kira nutirofil. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Kjell Agner, shi ya fara ware shi a 1941, kuma daga mugunyar masu tarin fuka ya samo shi. Sunansa a yau mayalofaroksidas. Yana ɗauke da ƙarfe a tsakiyarsa, shi ya sa yake da launi, kuma aikinsa abin mamaki ne ga wanda bai taɓa ji ba: yana haɗa sinadarin haidirojin faroksaid da kuloraid, wato rabin gishirin da muke ci, ya fitar da asid mai kashe ƙwayoyin cuta. Wannan asid ɗin shi ne ƙarfin ruwan bilic, irin su Hypo da Jik da ake jiƙa fararen kaya a ciki. Jikin ɗan Adam yana haɗa shi da kansa, kowace rana, a cikin ƙwayoyin da ido ba ya gani.

Tunda na fahimci haka, tambayar da ta tsaya mini ita ce: yaya aka yi bai ƙone mu ba? Ɓargon babban mutum yana fitar da nutirofil kimanin biliyan 100 a rana. Suna yawo a jini, suna ratsa huhu da hanta da ƙoda, kowace ɗaya ɗauke da kayan haɗa guba. In da za su riƙa haɗa ta a duk inda suka ga dama, da jijiyoyin jini ba su kai labari ba.

Amsar tana wajen wani enzayim da ke gaba da mai koren kala a jerin aikin. Enzayim furotin ne da ke hanzarta haɗuwar sinadarai a cikin jiki. Wannan da muke magana sunansa NADPH oksidas, masana kuma suna taƙaita na jikin nutirofil da NOX2. Shi ne mafarin komai. Yana ciro ilektaron daga wani sinadari mai suna NADPH a cikin ƙwayar, ya tsallakar da shi ta tantanin da ke kewaye da ita, ya ɗora wa iskar oksijin da ke ɗaya ɓangaren. Oksijin da ya karɓi ƙarin ilektaron ya tashi daga iskar numfashi mai lafiya, ya zama sufa'oksaid, abu mara haƙuri da ke neman abin da zai far wa. Sufa'oksaid biyu su haɗu su ba da haidirojin faroksaid, shi kuma mai koren kala ya karɓa ya mai da shi bilic. Idan NOX2 bai motsa ba, duk wannan jerin ba ya farawa.

An daɗe kafin a gane haka. A 1933 wasu masana biyu a Chicago, Baldridge da Gerard, sun lura cewa fararen ƙwayoyin jini suna zuƙar oksijin fiye da ƙima a lokacin da suke haɗiye bakteriya. Kowa ya ɗauka ƙarfin aiki suke nema, yadda mai gudu yake haki. Sai a 1959 Sbarra da Karnovsky suka zuba musu sayanaid, gubar da ke tsayar da numfashin da ƙwaya ke samun kuzari da shi, amma zuƙar oksijin ɗin ba ta tsaya ba. Ashe ba don kuzari ake zuƙar ba. A 1973 Bernard Babior da abokan aikinsa a Boston suka nuna cewa sufa'oksaid ake ƙerawa da shi. A 1978 Anthony Segal a Landan ya gano ɓangaren enzayim ɗin da ke zaune a jikin tantani. Sauran sassan kuwa sai ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma jinkirin yana da dalili: ba a wuri ɗaya suke ba.

Nan ne hikimar take. A gidan da ake da ƙananan yara, uwa ba ta ajiye ashana da kananzir da risho a waje ɗaya. Risho yana kicin, galan ɗin kananzir yana sito a kulle, ashana tana saman kwaba inda hannun yaro ba ya kai. Ba a haɗa su sai girki ya tashi, kuma a kicin ake haɗa su. Ƙwayar nutirofil haka take yi da wannan enzayim. Sassa biyu, NOX2 kansa da abokin zamansa p22, suna kafe a jikin tantani, mafi yawansu ma a tantanin wasu 'yan jakunkuna ne da ke ɓoye can cikin ƙwayar. Sassa uku, p47 da p67 da p40, suna yawo a ruwan cikin ƙwayar a manne da juna. Na shida, wani ɗan ƙaramin furotin mai suna Rac, yana gefe guda, wani furotin ɗin daban ya riƙe shi gam. Muddin ƙwayar tana hutawa, waɗannan rukunai uku ba sa haɗuwa, ko da kuwa oksijin da NADPH suna nan birjik.

Rabuwar wuri kaɗai ba ta isa ba, tunda abin da ke yawo a ruwa yana iya cin karo da tantani ko da bisa tsautsayi. Saboda haka p47, wanda shi ne mai jan sauran zuwa wurin aiki, a naɗe yake. Yana da wani sashe da aka yi domin kama p22, amma jelarsa ta lanƙwaso ta toshe wannan sashen, ya zama ya kama kansa da kansa. Sai ƙwayar ta taɓa bakteriya, musamman wadda garkuwar jiki ta riga ta shafa wa alama, sannan saƙo yake shiga ciki, wasu enzayim da ake kira kinas su zo su liƙa wa jelar sinadarin fosfet. Kuma ba a wuri ɗaya ba. Sai an liƙa a wurare da dama kafin jelar ta saki. Fosfet guda da ya faɗo bisa kuskure ba ya buɗe shi. Ni dai wannan ya fi burge ni a duk tsarin, domin yana nufin ƙwayar ba ta ɗaukar magana daga baki ɗaya a kan abin da zai iya hallaka maƙwabtanta. Idan p47 ya miƙe, sai ya ja p67 da p40 zuwa tantani, ya kama p22.

Ko a nan ba a gama ba. Shi p67 shi ne yake taɓa NOX2 ya sa ilektaron ya fara gudana, amma ba ya iya yi sai Rac ya zo ya dafa masa. Rac kuwa ta wata hanya dabam ake sako shi: sai an raba shi da mai riƙonsa, an cire masa sinadarin GDP an sa masa GTP, sannan ya tafi tantani da ƙafarsa. Hanyoyi biyu ke nan masu zaman kansu, kuma dole su cimma juna a wuri ɗaya a lokaci ɗaya.

Sai maganar wuri. Nutirofil idan ta kama bakteriya, lulluɓe ta take yi da tantaninta, ta haɗiye ta cikin wata 'yar jaka a rufe ruf. Jakunkunan nan da ke ɗauke da NOX2 da mai koren kala su zo su narke a jikin wannan jakar, su juye abin da ke cikinsu. Tantanin jakar yana da wani irin kitse na musamman, shi kuma p40 yana da sashen da ke gane wannan kitsen ya manne masa, don haka enzayim ɗin yake daɗewa a haɗe a daidai inda abokin gaba yake. Fuskarsa kuma tana kallon cikin jakar. Gubar tana zuba a kan bakteriya, a ɗan sararin da bai kai a misalta ba, inda ƙarfinta ke taruwa ya yi yawa ƙwarai, ruwan cikin ƙwayar kuwa yana bayan tantani. A wannan lokacin oksijin da ƙwayar ke zuƙa yana iya ninkawa sau hamsin ko fiye.

Kwatanta wannan da kwalbar haidirojin da ake tsiyaya wa ciwo a kemis. Kumfar da take tashi tana sa mutum ya ji magani yana aiki, amma kumfar oksijin ce: wani enzayim na jikinmu mai suna katalas ne yake farfasa sinadarin da gaggawa domin kare nama. Sinadarin iri ɗaya ne da wanda nutirofil ke yi, sai dai wannan an kwarara shi a kan komai, bakteriya da sabon naman da ke ƙoƙarin tofowa. Shi ya sa ma'aikatan jinya da yawa yanzu suka fi son wanke ƙaramin ciwo da ruwa mai tsabta ko ruwan gishirin asibiti.

Akwai kuma matakin tsakiya tsakanin barci da aiki. Idan akwai kumburi a wani sashe na jiki, sinadaran da ke fitowa daga wurin, irin su TNF, ko ɓurɓushin bangon bakteriya, suna sa nutirofil ta yi shiri ba tare da ta fara ba. Wasu jakunkunan su matso kusa da fuskar ƙwayar, a liƙa wa p47 fosfet a wani wuri da ba ya buɗe shi sai dai ya sauƙaƙa buɗewar. Ƙwayar da ta yi wannan shiri, idan saƙo na biyu ya zo, abin da take fitarwa ya ninka na wadda aka tasa daga barci. Wannan yana da amfani a bakin ciwo. Amma idan cuta ta shiga jini gaba ɗaya, nutirofil ko'ina su yi shiri a lokaci guda, su maƙale a ƙananan jijiyoyin huhu, gubar ta fara zuba a waje. Yana cikin abubuwan da ke lalata huhun majinyatan da ake kwantarwa a ɗakin kulawa ta musamman.

Enzayim ɗin kuma yana da iyakoki daga yanayin aikinsa. Duk ilektaron da ya tsallaka tantani yana barin cajin lantarki a baya, kuma da za a bar shi ya taru, aikin zai tsaya cak cikin ɗan lokaci. Wata kafa ce a jikin tantanin, Hv1, wadda aka gano ƙwayar gadonta a 2006, take barin furoton, mai kishiyar wannan caji, ya bi bayan ilektaron domin a daidaita. Haka nan NADPH ba ya zuwa daga sama. Daga sukari ake samar da shi, ta hanyar da enzayim G6PD yake buɗe ƙofarta. Wannan suna ba baƙo ba ne a asibitocinmu, domin ƙarancin G6PD ya yawaita a Afirka ta Yamma, shi ne ke sa jinin wasu ya farfashe idan sun sha wasu magunguna, ko jariri ya yi shawara. Abin godiya, irin wanda ya fi yawa a wajenmu jajayen ƙwayoyin jini ya fi taɓawa, fararen suna samun abin da zai ishe su aiki. Kashe enzayim ɗin kuma yana da nasa ma'aikatan: Rac yana ƙone GTP ɗinsa ya koma GDP, mai riƙonsa ya dawo ya ɗauke shi, wasu enzayim su ɓamɓare fosfet daga jikin p47, ya sake naɗewa. Daga ƙarshe ita kanta nutirofil ta mutu cikin tsari, wata babbar ƙwaya mai suna makurofaj ta zo ta haɗiye ta. Waɗanda suka mutu da yawa a wuri ɗaya har kwashewa ta gagara, su ne mugunya.

Darajar wannan enzayim ta fi fitowa a wurin yaran da aka haifa ba su da shi. A 1957 likitocin yara a Minnesota ta Amurka, cikinsu har da Robert Good, suka ba da rahoton wasu yara maza da ƙuraje ba sa barinsu: kaluluwa mai fashewa, ƙurji a hanta, ciwon huhu da ba ya jin magani. A wancan zamani da wuya irin waɗannan yara su kai shekara goma. Bayan kimanin shekara goma aka gane cewa nutirofil ɗinsu suna haɗiye bakteriya lafiya lau, amma ba sa iya kashe ta, tana nan da rai a cikin jakar. Cutar ita ce ake kira CGD. Baehner da Nathan a Boston suka fito da gwaji mai sauƙi: wani rini mai ruwan ɗorawa da ke komawa shuɗi mai duhu idan ƙwayar tana yin sufa'oksaid, a jinin waɗannan yara kuwa ba ya sauyawa. A 1986 ɗakin binciken Stuart Orkin ya gano ƙwayar gadon NOX2 a kan kuromosom X, abin da ya bayyana dalilin da ya sa maza suka fi yawa, iyaye mata suna ɗauke da ita ba su sani ba.

A Amurka ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin haihuwa 200,000, kuma kimanin kashi biyu cikin uku ta hanyar X ne. Saura kuwa sai yaro ya gaji lalatacciyar ƙwayar gado daga uwa da uba duka, galibi ta p47, kuma wannan nau'in yana kama mace da namiji. A ƙasashen da auren zumunci ya yawaita, irin su Iran da Turkiyya da Masar, shi ya fi fitowa. Mu ma masu auren zumunci ne, kuma ba don a tsorata kowa nake faɗa ba, cutar ba ta da yawa ko kaɗan. Amma gidan da yara biyu ko uku suka yi ta fama da ƙurajen ciki tun suna goye, ko wurin allurar BCG ya ƙi warkewa har kaluluwar hammata ta fashe, ya kamata likita ya tuna da ita kafin a ce iska ce ko sammu. Yau ana riƙe masu ita da Septrin da maganin funfuna itirakonazol a kullum, wasu a yi musu dashen ɓargo su warke. Wani bincike da aka buga a 2010 daga cibiyar lafiya ta ƙasar Amurka ya nuna cewa majinyacin da enzayim ɗinsa ke ɗan taɓa aiki, komai ƙanƙantarsa, ya fi daɗewa a duniya a kan wanda nasa ya mutu murus.

Abin da ba wanda ya zata shi ne masu CGD, waɗanda ba sa yin wannan guba, su ne kuma ke fama da kumburin da ba ya lafawa. Da yawansu hanjinsu yana kumbura ya yi gyambo ba tare da an sami wata ƙwayar cuta ba. A 2003 rukunin Rikard Holmdahl a Suwidin suka bi diddigin dalilin da wasu ɓeraye suka fi wasu kamuwa da ciwon gaɓoɓi mai tsanani, sai sawun ya kai su ga ƙwayar gadon p47, kuma ɓerayen da ke yin sufa'oksaid kaɗan su ne suka fi shan wahala. Daga baya an ga makamancin haka a mutane masu cutar lufus. Wato sinadarin da ke kashe bakteriya shi ne kuma yake isar da saƙon a tsagaita idan an gama.

NOX2 yana da 'yan'uwa shida, kuma an fara gano su ne daga 1999, lokacin da David Lambeth a Jami'ar Emory ya bayyana NOX1. Kowanne da irin riƙon da aka yi masa. NOX5 da DUOX guda biyu ba sa jiran p47. Suna da sashen da ke jin sinadarin kalsiyam, da ya ƙaru a cikin ƙwaya sai su tashi, da ya ragu su kwanta. NOX4, wanda ya yawaita a ƙoda, kusan kullum a kunne yake a hankali, don haka ƙwaya tana sarrafa shi ne ta yawan wanda take ƙerawa. DUOX2 yana aiki a ƙullin tayiroid da ke wuya: aidin ɗin da ake sa wa gishiri domin hana maƙoƙo ba ya shiga cikin sinadarin da ƙullin ke haɗawa sai da haidirojin faroksaid ɗin da shi ke bayarwa, kuma jaririn da aka haifa da nakasa a DUOX2 yana iya tasowa da ƙarancin wannan sinadari. NOX3 yana can cikin kunne, ɓeran da ba shi da shi kansa a karkace yake, ba ya iya daidaita tafiya. A 2009 masana a Harvard suka yanke ƙarshen wutsiyar wani ɗan kifi mai jiki garai-garai, suka ga haidirojin faroksaid yana bazuwa daga bakin yankan cikin 'yan mintoci, fararen ƙwayoyin jini suna bin sa zuwa wurin.

Ta ɓangaren yawan gubar kuwa, tun 1994 Kathy Griendling ta nuna cewa anjiyotensin, sinadarin da ke matse jijiyoyin jini, yana tayar da irin wannan enzayim a bangon jijiya. Sufa'oksaid ɗin da ya fito yana cinye naitirik oksaid, wanda shi ne ke sa jijiya ta saki. Wannan yana daga cikin hanyoyin da hawan jini ke ci gaba da ɓata jijiya shekara da shekaru.

Saboda duk wannan nake jin takaici idan na ji masu tallar ƙwayoyin ƙarin lafiya a rediyo da Facebook suna cewa abinsu yana share wa jiki irin waɗannan sinadarai kaf, a kuma karɓi kuɗin talaka da ba su ishe shi cefane ba. An gwada wannan tunanin da gaske. A Finlan an bi maza masu shan taba su fiye da 29,000, aka ba wasu ƙwayar beta-karotin, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a cikin waɗanda suka sha. Wani gwajin a Amurka mai mutum kusan 18,000 dakatar da shi aka yi a 1996 saboda an ga irin wannan illa. Cin zogale da karas da mangwaro abu ne mai kyau, ba shi ake magana ba. Ana magana ne a kan ɗura wa jiki ƙwaya mai yawa da nufin kashe abin da shi da kansa yake auna shi wuri-wuri, lokaci-lokaci.

Masu haɗa magani sun koma neman abin da zai taɓa ɗan'uwa ɗaya ya bar saura. Wahalar ita ce 'yan gidan sun yi kama da juna sosai a daidai wurin da NADPH ke zama, don haka maganin da aka yi domin NOX na jijiya ko na ƙoda yana iya kashe na nutirofil, ya jefa mai hawan jini cikin halin masu CGD. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kai ga gwaji a jikin mutane shi ne setanaksib, wanda aka tsara domin NOX1 da NOX4, aka kuma gwada shi a kan masu wata cutar hanta da ke lalata ƙananan hanyoyin ɗaci.